Fim ɗin Paris da Na Mayar Abin Dariya

Edita, ina gaishe ka da duk masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubutowa game da rayuwarsu, kullum sai in ce ai nawa ba mai faɗuwa ba ne. Yanzu furfura ta cinye kaina, na ga in ban faɗa ba da shi zan shiga kabari. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har nawa. A farkon shekarun 1980 ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, na baro Damagaram na sauka Lyon a ƙasar Faransa. Ina aikin ɗaukar kwalaye a wani babban sito a Vénissieux, gefen garin Lyon, ina kwana a hawa na goma sha ɗaya cikin dogayen benayen unguwar Minguettes. Ba ni da abin hannu, ba ni da kyan da za a waiwaya, amma Allah ya ba ni baki. Tun a gida ni ne mai shiga silima, in fito in zauna bakin titi in ba waɗanda ba su samu shiga ba labarin fim daga farko har ƙarshe, da muryar jarumi da ta mugu da ƙarar bindiga. Da yawa sukan ce nawa ya fi na allo daɗi, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Wannan bakin ne ya sama mini kujera a Lyon. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin ƙasarmu, mai aika shadda da kayan gida zuwa Nijar, shi ne uban duk Bahaushen da ke unguwar. Shi ya fara sayen manyeto, wato na'urar kallon kaset ɗin bidiyo. Duk Lahadi bayan azahar mukan taru a falonsa, 'yan Nijar da 'yan Cadi da mutanen arewacin Kamaru. Hajiya matarsa ta zubo shinkafa a manyan faranti, a ci a wanke hannu, sannan a sa kaset ɗin da aka hayo. Yawancin dattawan faransancinsu na ciniki ne, ba ya kai su ga bin zancen fim, saboda haka ni aka zaunar kusa da tele, wato talabijin, ina fassarawa. To, sunanta dai fassara. In jarumi ya faɗi magana ɗaya, ni sai in faɗi uku. Ina ƙara gishiri, ina sa wa nasara bakin 'yan Maraɗi, in mayar da ɗan sanda sarkin tasha. Kowa ya san zuba nake yi, kuma ita suka zo ji.

Ɗakin da nake kwana ba nawa ba ne, na wani ne da ya girme ni da 'yan shekaru, mutumin wajen Maraɗi, direban motar kayan Alhaji. Shi ya je ya tarye ni a tashar jirgin ƙasa ranar da na zo, alhali bai taɓa ganina ba, an dai ce masa ga wani yaron gida nan tafe. Shi ya koya mini shiga bas, shi ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu lokacin da hunturun farko ya nemi kashe ni. Yana dafa mana abinci, yana tashe ni sallar asuba ko na ƙi ko na so. Mutum ne mai shiru, in ya yi dariya ba ka jin sauti, sai dai kafaɗunsa su motsa. Ina ce masa Yaya. Daga gida ana ta aiko masa saƙon aure, yana ta cewa a bari sai baɗi. Mu kuma muka yanke cewa akwai wata baturiya da ya ɓoye a Paris, tun da aikinsa yakan kai shi can sau biyu a wata. Muna tsokanarsa, shi kuwa bai taɓa cewa e ko a'a ba.

A waɗannan shekarun finafinan barkwanci na Faransa ba sa rasa wani irin mutum a ciki: namiji mai son maza, an shafa masa hoda, yana karya wuyan hannu, yana tsala ihu in ya ga ɓera. Ba a sa shi don komai ba sai don a yi masa dariya. Farkon ganinsa dattawa suka yi a'uzubillahi, Alhaji ya ce a wuce wurin. Ni kuwa na miƙe na kwaikwayi tafiyarsa, na siranta murya, na yi masa zance irin na 'yan daudun gida masu sayar da abinci a tasha. Falo ya kece da dariya, har wani dattijo ɗan Cadi ya sarƙe da shayi. Daga ranar ta zama sana'ata. Ko babu irinsa a fim sai an ce in taso in yi. Duk lokacin da na fara, Yaya yakan tattara kwanuka ya shige madafa ya taya Hajiya wanke-wanke ko ya ɗora shayi. Ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu ba. Duk abin da na sani game da irin waɗannan mutane daga fim na san shi, kuma fim ya gaya mini ana gane su daga nesa. Yaya kuwa ƙato ne mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ɗaya.

Wata Asabar ya ce in raka shi Paris in ga gari. Muka yi sammako, muka sauke kaya wurin wani ɗan kasuwa a Sevran, bayan garin Paris, muka bar motar can muka shiga jirgin cikin gari. Na zaci hasumiyar nan ta ƙarfe zai kai ni in ɗauki hoto. Sai ya bi da ni wasu lunguna har ƙofar wata 'yar ƙaramar silima, ya sayi tikiti biyu ba tare da ya ɗaga kai ya dubi hoton da aka liƙa ba. Daga baya na gane ba ranar ya fara ganin fim ɗin ba. Labarin wani magini ne ɗan ƙauye da ke aiki a birni. Ba hoda, ba karya hannu, hannayensa duk kanta. Yana son wani namiji abokin aikinsa, suna ɓoyewa kamar ɓarayi. In ya je gida uwarsa ta yi ta nuna masa 'yan mata, shi kuma ya yi ta yi mata ƙarya, ya fito bayan gida ya dafe kai. Daga ƙarshe asiri ya tonu, 'yan'uwansa suka juya masa baya, abokin ya tsorata ya gudu, fim ya ƙare da gawarsa. Ni dai tun da aka fara ina jiran wurin dariya, bai zo ba. Da na gaji na juya zan raɗa wa Yaya wata baƙar magana, sai na ga hawaye na bin fuskarsa har cikin wuyan riga, bai ko share ba.

Sai washegari, muna kan hanyar komawa Lyon, Yaya ya buɗe mini cikinsa. Idonsa na kan titi, hannayensa biyu a kan sitiyari, ya ce abin da na gani a allo shi ne abin da yake ɗauke da shi tun yana yaro. Ya ce ya yi azumi, ya sha rubutu, ya je wurin malamai ba tare da ya faɗa musu ainihin abin da ke damunsa ba, kuma bai bar shi ba. Ya ce ba baturiya ba ce a Paris, wani mutum ne ma'aikacin asibiti, shekararsu uku tare. Ya ce bai iya tsara magana kamar ni ba, shi ya sa ya kai ni in gani da idona. Bai nemi in ce masa daidai ne ba. Abu biyu kawai ya roƙa: in daina wannan kwaikwayon na gidan Alhaji, domin duk Lahadi ji yake kamar ana feɗe shi a gaban jama'a, sannan in riƙe masa amana. Ya ce a duk ƙasar nan ni kaɗai ne yake ɗauka ƙane. Ni mai bakin da ba ya gajiya, ranar abin da na iya cewa kawai shi ne Allah ya kyauta.

Zan faɗi gaskiya, tsoro ne ya fara kama ni, ba tausayi ba. Lokacin an fara maganar cutar sida, wato ƙanjamau, a tele, ana nuna ramammun maza a gadon asibiti, mu kuma ba mu san komai ba sai jita-jita. Na ware kofina da cokalina. Na daina shafa mansa. Ya lura, amma ya ci gaba da zuba mini abinci a kwanon da na ware. Tsoro na biyu ya fi na farko girma: in magana ta fito, me za a ce game da ni, da nake kwana ɗaki ɗaya da shi shekara uku? Duk da haka na riƙe bakina mako uku. Na daina kwaikwayon, in an nema sai in ce wuyana ke ciwo.

Lahadi ta huɗu kaset ya maƙale a cikin manyeto. Aka buga, aka hura, aka zura cokali, ya ƙi fita. Mutane sun ƙoshi, ba wanda ke son tashi, sai wani ya ce ai ga silima nan zaune, in ba su fim da baki kamar yadda ake yi a gida. Ina da finafinai fiye da ɗari a kaina. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na ɗauko na Paris. Na ɗauko shi, na juya shi. Maginin nan mai kanta a hannu na ba shi siririyar murya, na sa shi rangwaɗa a kan tsani da bokitin siminti. Wurin da ya dafe kai a bayan gidan uwarsa na mayar da shi kukan amarya. Aka yi ta dariya, ni kuma na ji daɗin da na yi mako uku ban ji ba. Da aka lafa sai Alhaji, yana share ido, ya tambaye ni ina na ga wannan ƙazamin fim. Na ce a Paris. Ya ce wa ya kai ni irin wannan wuri. Na ga idanu sun juyo kaina. Sai na yi dariya na ce a tambayi direbansa, shi da ya san hanyar silimar kamar hanyar masallaci, kuma ya yi kukan da sai da aka matse rigarsa.

Ba wanda ya yi dariya. Yaya na tsaye a ƙofar falo da farantin shayi a hannu, ban san tun yaushe ba. Ya shigo, ya bi kowa ya miƙa masa kofi, har ni. Ya ajiye farantin, ya yi sallama ya fita. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Suka haɗa auren da yake ta ɗagawa da yawan zuwa Paris da abin da na faɗa, kafin la'asar magana ta gama nuna.

Wanda bai san mu ba zai zaci an yi hayaniya ko an kai masa duka kamar a fim. Ba a yi ba, mu ba haka muke yi ba. Ranar Litinin Alhaji ya karɓi makullin mota, ya ce tana buƙatar gyara, kuma gyaran bai taɓa ƙarewa ba. A ɗan ɗakin da muke salla a ƙasan bene, in Yaya ya tsaya a sahu sai na gefensa ya tuna bai yi alwala da kyau ba. In ya yi sallama a amsa a daƙile, ba mai tambayarsa gajiya balle mutanen gida. Abin da ya fi duka muni, a lokacin ba wasiƙa muka fi aikawa gida ba, kaset muke ɗauka da murya a ba matafiyi, can a tara dangi a tsakar gida a kunna. Alhaji ya ɗauki kaset ya aika wa mahaifin Yaya, wai don a san halin da ake ciki a yi masa addu'a. Cikin wata guda Yaya ya tafi. Na dawo daga aiki na tarar ya wanke tukwane, ya share ɗakin, ya bar mini takardun gidan da makulli a kan tebur. Tun daga waccan Lahadi har ya tafi bai faɗa mini baƙar magana ko ɗaya ba. Ni kuma ban ba shi haƙuri ba, domin ina jin tsoron a gan ni ina yi masa magana.

Shekaru suka wuce. Na yi aure, matata ta zo, na ci gaba da zama kusa da tele. Finafinai ma suka sauya, aka rage na hoda da ihu, aka koma na asibiti da makabarta. Duk wanda na gani, irin mutumin nan mutuwa yake yi kafin a rubuta ƙarshe. A hankali na saka a raina cewa Yaya ya mutu. Ba wanda ya gaya mini, ni na yanke. Kuma in faɗi gaskiya hakan ya yi mini sauƙi, domin mamaci ba a zuwa neman gafararsa, sai dai a yi masa addu'a daga nesa a wuce.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin wani matafiyi ya zo daga Maraɗi, cikin hira ya ce ai mahaifiyar tsohon direban nan ta rasu, har an yi sadakar arba'in. Aka shafa fatiha a falon Alhaji, aka ci gaba da cin shinkafa. Wani ɗan Kamaru mai zuwa Sevran ya ce shi kuwa yakan hango mutumin yana tuƙa motar wani gidan burodi. Na tambaya ko an sanar da shi rasuwar. Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ba wanda ya sanar da shi, ba kuma wanda ya ga aikinsa ne.

Asabar mai zuwa na shiga jirgi zuwa Paris. Na bi gidan burodin, suka yi ta jan ƙafa, da na ce rasuwa ce suka ba ni kwatance. Duk hanya ina shirya kaina in ga ƙasusuwa a kan gado. Wanda ya buɗe mini ƙofa wani baƙin mutum ne mai gilashi, ya gaishe ni da ladabi, ya kira Yaya, ya kawo mana kofi, ya ɗauki rigarsa ya fita ya ba mu wuri. Yaya ya fito da ƙoshin lafiyarsa, ya yi ɗan tumbi, gemu ya fara fari. Gida ne kamar na kowa, ga kayan wanki a shanye, ga dardumar salla a naɗe kan kujera. Babu fim ko ɗaya da ya taɓa nuna mini wannan. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta gida, na lura Hausar tana yi masa nauyi a baki, yana tsayawa neman kalma. Ya ce in yi haƙuri, shekara biyar ke nan bai yi ta da kowa ba sai in yana roƙon Allah.

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da ya ɗago, abin da ya fara tambaya shi ne ko ta ji kaset ɗin nan. Ya ce ya rubuta mata wasiƙu da yawa ba amsa, bai sani ba ko suna isa hannunta. Na so in yi ƙarya, ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, amma ta ƙi fitowa. Na ce labari ya iso mana cewa an kunna shi a tsakar gida, tana zaune. Na ce muryar Alhaji ce a ciki, amma maganar tawa ce. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya dube ni ba fushi a fuskarsa, ya ce zai yi ƙoƙari, amma kada in tilasta masa ya faɗi abin da bai kai zuciyarsa ba tukuna. Sannan ya ce tun da na zo, in taya shi yi mata addu'a, don ba ya so a ce ɗanta ya karɓi gaisuwar mutuwarta shi kaɗai. Muka ɗaga hannu mu biyu. Ni ne kaɗai mai zaman makokin da ya samu, ni da na jawo masa. Ya raka ni har tashar jirgi, ya ce in gaida iyali. Na rubuta masa sau biyu bayan nan, ban samu amsa ba, kuma ban sake ganinsa ba.

Edita, ni ba malami ba ne, ban kuma rubuto don in yi fatawa ba. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa yana can tsakaninsu. Nawa laifin dai na san sunansa, cin amana ne, kuma ba wanda ya taɓa matsawa daga gefena a sahu saboda wannan laifin. Na ɗauki abin da fim ya nuna mini na ce na san mutane, alhali fim ya nuna mini wanda za a yi wa dariya ne da wanda za a binne, bai nuna mini wanda ke zaune kusa da ni ba. Yau ina ganin yara suna tura wa juna irin wannan kwaikwayo a waya suna ƙyaƙyatawa, sai in tuna da Yaya. Ina roƙon duk mai baki irin nawa, in wani ya buɗe maka cikinsa, ko abin ya yi maka nauyi, ko ba ka yarda da shi ba, ka ce masa ba za ka iya ɗauka ba, amma kada ka kai shi dandali don a tafa maka. Dariyar da na saya ranar ba ta kai minti biyar ba. Tsohuwar nan kuwa ta mutu, abin ƙarshe da ta ji game da ɗanta daga bakina ya fito. Shi ma in yana raye yanzu ya tsufa, kuma har yau ban san ko ya yafe mini ba.